Kallon da Ba a Tashi

Ƙannena maza da mata, idan kun ga fuskar kakanku ta sauya da zarar an ambaci sinima, kada ku ce tsufa ne ko ƙauyanci. Yana da dalilinsa, kuma dalilin yana da rana da wata. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya da ke Kano ana tsakar kallo, mutum 331 suka rasa rayukansu, da yawansu samari irinku. Fim ɗin wancan zamani da wani sinadari ake yin sa mai saurin kama wuta, ga cunkoso, ga kowa ya nufi ƙofa lokaci guda. Mutanen gari da dama ba su ɗauki abin a matsayin tsautsayi ba. Cewa suka yi azaba ce ta sauka a kan masu barin gida su je kallon hotuna. Tun daga nan sunan sinima bai ƙara wankuwa ba a ƙasar Hausa.

Dama can ba a yi mata maraba ba. Kwarori ne suka kawo ta, aka buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. Da aka gina Palace a Jakara, cikin birni, an sha surutu, kuma ginin nan daga baya asibiti ya koma. Abin lura a nan shi ne, mutanen da ke tsine wa sinima su ne ke fitowa da tabarminsu kallon majigi a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, inda motar gwamnati ke haska fim ɗin noma da tsaftar gida, irin su Baban Larai. Nan hoto mai motsi, can hoto mai motsi. Abin da ya raba su shi ne wa ya kira taron, wa ke zaune kusa da kai, wa zai gan ka. Ku riƙe wannan, domin a kansa maganata za ta tsaya.

Na riski ƙarshen tashen tsofaffin gidajen sinima, zamanin da Plaza da Wapa da Orion da El Dorado da Marhaba suke cika a Kano. Bari in ba ku labarin dare ɗaya a irin waɗannan wurare. Galibinsu ba su da rufi sai ɗan ɓangaren masu tikiti mai tsada, don haka dole a jira duhu. Bayan isha'i za ka tarar bakin ƙofa ya zama kasuwa: mai rake yana fere, mai tsire yana fifita wuta, mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa, ga kekuna an jera ana biyan kuɗin gadi. A tagar tikiti ba layi ake bi ba, ƙarfi ake gwadawa. Mai kafaɗa ya sayo da yawa ya sayar wa raggo da riba. A ciki benci ne a gaba na masu ƙaramin ƙarfi, sai ka ɗaga wuya kafin ka ga saman allo. Haske ya keto daga wani ɗan ɗaki a baya, hayaƙin taba da ƙwari suna yawo a cikinsa. Akasarin darare fim ɗin Indiya ne, jefi-jefi na Caina ko na kaboyi. Da Dharmendra ya bayyana, wanda ake kira Sarkin Ƙarfi, wuri ya kaure da ihu. Idan bos ya laɓaɓo ta bayan jarumi, sai ɗaruruwan mutane su ɗauka, “Bayanka! Bayanka!”, sai ka ce yana jin su. Waƙa kuwa baki ɗaya ake rera ta, alhali ba wanda ya san ma'anar kalma ɗaya. Fim ya tsinke, mai na'ura ya sha fito da baƙar magana har ya haɗa. Hadari ya taso, a jiƙe a ci gaba da kallo.

Ba zan yi wa wurin ado ba. Ana yankan aljihu, ana busa abin da ya fi taba, 'yan daba kan kaure da faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Macen da aka gani a ciki ta gama zubar da mutuncinta a unguwa, ko da kallon kawai ya kai ta. Iyayen da suka hana 'ya'yansu zuwa sun san abin da suke yi. Amma akwai abu ɗaya da wurin yake da shi wanda ba a cika faɗa ba: ana tashi. Kafin dare ya raba jarumi ya gama da bos, an haɗa shi da yarinyar, allo ya yi fari, masu gadi sun wangale ƙofa. Ko kana so ko ba ka so, ka kama hanyar gida. Kuma zuwan ba ya ɓoyuwa. Maƙwabci ya gan ka a bakin ƙofa, warin taba ya kama rigarka, ka tarar da zaure a kulle, sai ka ƙwanƙwasa yayanka ya buɗe yana tambayar daga ina. Kallo yana da farashi, yana da lokacin farawa da na ƙarewa, kuma yana da shaidu.

Daga nan kaset ya shigo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, kafin a ankara Sangaya da Wasila sun game ƙasa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suna loda kaset a kwali zuwa Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, musamman ga mata. Matar aure da ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba, kuma ba za ta taka ba, ta samu fim da harshenta a ɗakinta. Ita ce ma ta riƙe kasuwar. Tun kafin kaset talabijin ta saba mana da taruwa: gida ɗaya ke da akwati a layi, yaran unguwa su cika tsakar gida kallon Samanja ko Kasimu Yero ko Karkuzu, waɗanda ba su samu wuri ba su maƙale a taga. Kallon gida na lokacin taro ne. Uwargida da amarya a bakin gado, yara a tabarma, ana dariyar Ibro tare. Idan aka zo wurin da bai dace ba, babba ya yi gyaran murya, ko a aiki yaro ɗebo ruwa, ko a danna a wuce. Ba wanda ya rubuta wannan doka. Kunya ce ke aiki, saboda akwai idon da za a ji kunya.

Gidajen sinima suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kaset ya janye musu 'yan kallo. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jiha. Daga baya rashin tsaro ya hana mutane fitar dare. Wasu gine-ginen sun koma kantuna, wasu an rushe su. A 2016 ma da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa, surutu ya yi yawa har aka fasa. Manya da yawa suka yi ajiyar zuciya, a ganinsu an rabu da Bukar. Ashe an haifi Habu.

Akwatin nan na falo bai zauna a falo ba. Ya ƙanƙance, ya shiga aljihu, ya bi ku har ƙarƙashin bargo. Shi ya sa idan na ji kuna musu a majalisa, wannan ya ce sinima ta fi daɗi, wancan ya ce gara gida, sai in ga kun bar jaki kuna dukan taiki. Mafi yawanku ba ku taɓa shiga sinima ba. Gidajen sinimar Najeriya galibi a Legas da Abuja da manyan biranen kudu suke, yaron Gumel ko Azare sai dai ya ji labari. Abin da kuke kira kallon gida kuwa, mutum ɗaya ne da waya ɗaya da iyafis a kunne, ya juya fuskarsa bango. Wannan kallon ne ya fi cin lokacinku, kuma shi ne ba a musu a kansa.

Ku leƙa ɗakin samari da ƙarfe biyun dare. Mutum huɗu a kan katifa biyu, an ɗauke wuta, kowa fuskarsa ta yi shuɗi da hasken wayarsa. Wannan yana fassarar Indiya-Hausa, wancan ya nutse a wani fim mai dogon zango, na ukun yana ta dariya shi kaɗai, ba wanda ya san abin da ya ba shi dariya. Sun sayi datar dare don ta fi araha, kuma tunda da asuba za ta mutu, dole a cinye ta. Waya ta yi kukan caji, a jona ta da fawa-banki. Kashi ya ƙare a daidai inda aka ɗaga hannu za a yi mari, kafin ka yi tunanin ajiyewa na gaba ya fara da kansa. Ladan ya kira assalatu, a ce bari a ɗan runtsa. Sai hantsi. Mai lacca ƙarfe takwas ya shiga aji da jajayen idanu, mai koyon ɗinki ya je shago maigida ya riga shi buɗewa. Matashi ɗan shekara goma sha biyar yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya mata da rana. Gyangyaɗi a aji ba ya biyan wannan bashi.

Kada ku zaci rauninku ne kawai. Haka aka tsara abin. Kamfanin YouTube da talla yake cin abinci: yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan da aka saka a bidiyonsa, ya riƙe sauran. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla har a tsakiya. Ke nan duk mintin da ka ƙara a zaune kuɗi ne ga kamfanin da mai tashar. Ga shi abin da masu talla ke biya a kan ɗan kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai na ɗan kallon Amurka ko Ingila ba, don haka furodusanmu sai ya tara kallo mai ɗimbin yawa kafin ya fitar da kuɗin kyamara da na jarumai. Shi ya sa labarin da a da za a gama a kaset biyu yanzu yake cin shekara ana yi. Ban ga laifin masu yin ba. Da kasuwar faifai ta rushe, a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 suka samu mafaka, kuma Labarina da Izzar So da Kwana Casa'in sun nuna akwai masu basira a cikinmu. Amma ku sani, dabarar yanke labari a inda rai zai biya, da maɓallin nan mai kunna na gaba ba tare da an tambaye ku ba, duk don kada ku tashi aka yi su. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa da bakinsa cewa barci ne abokin gasarsu. Wanda ya gaya maka da wa yake kokawa ai ya yi maka adalci, saura ya rage naka.

Mai sinima da mudu yake auna maka: ga awa biyu, biya, ci, tashi. Waya kuwa bakin buhu ta kwance maka ta yi tafiyarta. Sannan duk fim ɗin da za a haska a sinima sai ya bi ta hannun masu tacewa, an rubuta masa shekarun da suka dace, 12 ko 15 ko 18, kuma akwai mutum tsaye a bakin ƙofa. Abin da ake tura muku a memori a shagon caji, ko wanda ke faɗowa daga Telegram da TikTok, wa ya tace shi? Abin da kakanninmu suka ji tsoron yaro zai gani a gidan sinima da daddare bai kama ƙafar abin da ɗan shekara goma sha biyu zai iya gani yau a kan gadon mahaifiyarsa ba, ƙofar gida a kulle, kowa na murna yaro ba ya yawo.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce babbar hujjar masu cewa gida ya fi. Gaskiya ne, tikitin sinima yau dubban nairori ne, ga kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, ga gugguru da lemo da suka fi na waje tsada. Amma wa ya taɓa zama ya lissafa datar da yake ƙonawa a wata? Kallon awa ɗaya kan ci rabin giga zuwa giga guda, gwargwadon kyan hoton, kuma tun farkon 2025 da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari, data ta daina zama abin wasa. Ba ta zafi ne saboda kaɗan-kaɗan take fita. Ku gwada rubutawa na wata ɗaya. Wasunku za su ga sun biya kuɗin sinima tuni, ba su taka ko'ina ba.

Ku kuma tambayi kanku aljihun wa kuɗin ke shiga. Tikitin sinima ana raba shi tsakanin mai gida da mai fim. Kallo a tashar mai fim ta YouTube, ko a manhajar da ake biya irin Northflix, yana kai masa wani abu. Amma fim ɗin da aka kwafo aka tura maka a shago, sai dai in akwai yarjejeniya tsakanin mai shagon da furodusa, ko sisi ba ya isa ga wanda watakila filinsa ya sayar ya shirya shi. Bayan jarumin da kuke gani akwai mai haske, da mai ɗaukar sauti, da mai kwalliya, da mai dafa wa 'yan lokeshan abinci, da direban bas. Muna zagin fina-finanmu cewa kullum falo ɗaya ne da soyayya ɗaya, alhali mun ƙi biyan ko kwabo. Haƙƙi ne, kuma ƙanƙantarsa ba ta hana a tambaye shi.

Sinimar yanzu ba irin wadda na ba ku labari ba ce. Bayan an buɗe kantin Ado Bayero a titin gidan Zoo a 2014, kamfanin Filmhouse ya buɗe sinima a ciki, mai rufi da sanyi da kujeru masu laushi, da rana tsaka ake shiga, magidanci ya zo da matarsa da 'ya'yansa. Masu fim ɗin Hausa suka fara kai sabon aiki can kafin ya fita kasuwa, irin su Mansoor na Ali Nuhu a 2017. Ko Saudiyya, bayan kusan shekara 35 a rufe, ta sake buɗe sinima a Riyad a watan Afrilun 2018. Ban kawo wannan a matsayin hujja ba. Hukuncin halas da haram na malamai ne, ku tambaye su. Na kawo shi ne don ku ga gini ba ya laifi. Abin da aka haska a ciki, da halin da aka shiga da shi, su ne abin tambaya.

Kuma a bar wa babban allo haƙƙinsa, yana ba da abin da waya ba za ta iya ba. Darakta ya kwana yana tsara yadda dawaki za su keto fili, mai sauti ya wahala don ka ji sawun mutum ta bayanka, sai ka tattara duk wannan ka matse a allon da bai wuce tafin hannu ba, saƙon WhatsApp na faɗowa a kan fuskar jarumi. A sinima an kashe fitila, ba ka da ikon tsayarwa ko tsallakewa, dole ka ba labari ɗaya hankalinka na awa biyu cur. Ga wanda ya saba da bidiyon daƙiƙa talatin wannan horo ne, kuma irin haƙurin nan ne karatun littafi da sauraren darasi suke nema. Sannan dariyar taro daban take da dariyar mutum ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo aka zura ƙwallo a minti na casa'in ya san abin da nake nufi. Ai gidajen kallon nan su ne magadan tsohuwar sinima, har da bencin da ihun.

To, wanda Allah ya hore masa, kuma akwai sinima a garinsu, ya je, amma ya je kamar ɗan mutunci. A faɗa a gida. Zuwan da ba za ka iya gaya wa mahaifiyarka ba, tun daga nan ya lalace. Ƙanwata, saurayin da ya ce ki ce gidan ƙawarki za ki, ko ya nace sai kujerar can ƙurya, ba fim ne ya kawo shi ba. Ki ce sai dai da yayarki ko ƙaninki, ki ga ko zai sayi tikiti uku. Kai kuma ƙanena, kada ka ci bashi, ko ka taɓa kuɗin makaranta ko jarin maigida, don a ce ka kai wance sinima. Burgar ta awa biyu ce, bashin kuwa sai ya ga wata. A duba lokaci kafin a sayi tikiti. Fim ɗin Indiya kan doshi awa uku, wanda ya shiga bayan la'asar magariba za ta same shi a zaune. In ta same ka, ka fita ka yi sallarka, jarumi ba zai mutu don ka tashi ba. Idan an rubuta 18, kada ka ja ƙaninka ɗan firamare. Da ka zauna, ka duba ina ƙofar fita take kafin a kashe fitila. Ka kashe ƙarar waya, kuma kada ka ɗaga ta kana naɗar fim don ka tura wa abokai. Sata ce, ko da ka biya kuɗin shiga.

Na san dai yawancinku a gida za ku ci gaba da kallo. Roƙona shi ne ku mayar wa kallon gida abin da waya ta ƙwace masa. Ku zaɓi abin da za ku kalla kafin ku kunna, kada ku kunna sannan ku bar na'ura ta zaɓa muku. Ku ce kashi biyu, idan sun ƙare ku tashi. A YouTube da Netflix duka akwai wurin kashe abin nan mai kunna kansa, minti ɗaya bai cika ba an gama. In akwai talabijin ko kwamfuta, a ɗora a kai a falo, a kira na gida. Ko wayar ce kaɗai, a cire iyafis, a jingina ta da filo, mutum uku su kalla. Za ku yi mamakin yadda zaɓinku zai gyaru da kansa idan Inna na iya leƙowa.

Idan an gama kuma, a yi hira a kai. Me ya sa attajirin fim ba a nuna inda yake samun kuɗi? Me ya sa kishiya kullum muguwa ce, boka kuma aikinsa yana ci har sai kashi na ƙarshe? Wace yarinya ce a unguwarku take kwana da kwalliya ta tashi da ita? Mai kallo shi kaɗai haɗiyewa yake yi. Mai kallo cikin mutane kuwa, wani zai ce “kai, wannan ƙarya ce”, a yi musu, hankali ya dawo. Na ga auren da ya yi tsami tun bai yi nisa ba, saboda amarya ta shigo tana auna ɗakinta da falon fim, ango kuma yana jiran matar da ba ta gajiya, ba ta fushi. Lokacin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB kuwa, ba lokacin fara fim mai dogon zango ba ne. Yana nan a intanet, ba ya ruɓewa. Haka ma al'adar nan ta kashe yinin azumi da kallo, daga azahar har a kira salla: watan ya fi ƙarfin a kashe shi.

Idan kuka matsa mini in zaɓa, falo cike da 'yan gida na sa a gaba. Sinima da rana tare da 'yan'uwa ce ke biye, sa'i-sa'i, idan fim ɗin ya cancanci kuɗinsa. Waya a ƙarƙashin bargo ita ce ta ƙarshe, nesa ba kusa ba.

Saura ku masu ƙanne. Yau yaro ɗan shekara biyar ya yi kuka, sai a miƙa masa waya don a samu lafiya, ba a san daga katun inda yatsansa zai kai shi ba. Wayarku ce sinimarsa ta farko, kuma ba shi da mai gadin ƙofa sai ku. Ku duba abin da ke ciki kafin ku miƙa masa, ku zauna kusa da shi, idan lokaci ya yi ku karɓe ko da zai yi kuka.